Abzin: ƙasa ta tsage, ruwa ya sassaƙe

Da wuya a samu ɗan kasuwa a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa wanda ƙasar Abzin ba ta taɓa shiga lissafinsa ba, ko da kuwa bai taɓa sa ƙafa can ba. Kakanninmu sun san ta da ayarin raƙuma mai saukowa da kantun gishirin Balma da dabino, ya koma da hatsi da turkuɗi. Sarakuna sun san ta da ɗan Azbin, dokin da ake alfahari da shi ranar hawan salla. Gobirawa kuwa har gobe suna ba da labari cewa can magabatansu suka zauna kafin su gangaro kudu. Mu na yau mun san ta da buhun albasar Tabelot, da lemun Timiya, da ƙarfen iraniyom wanda ya yi shekaru yana riƙe da baitulmalin gomnati. To amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa tsayawa suka tambayi kansu: mi ya ta da duwatsu masu tsawon metir 2,000 a tsakiyar hamada, alhali gabas da yamma da kudu ƙasa shimfiɗe take kamar faifai? Amsar ba ta ƴan lakwal kaɗai ba ce, domin albasar da lemun da ƙarfen duka daga cikinta suka fito.

Abzin, wadda masu ita ke ce ma Ayar, ta miƙe wajen kilometir 400 daga bakin Agadas har kusa da iyakar Aljeriya. Ba jerin tsaunuka ba ce masu kai bayan kai kamar haƙoran zarto. Wani makeken tudun dutse ne mai tsawon metir 500 zuwa 900 bisa teku, a kansa kuma manyan duwatsu tsaye ɗai-ɗai, kowane ware da ɗan'uwansa, kamar rumbuna a bayan gari. Wanda ya fi duka shi ne Idukal-n-Tagas, bisa Bagazam, mai metir 2,022, kuma babu wurin da ya kai shi tsawo a duk faɗin Nijar. Tamgak na bi masa da metir 1,988, sai Girebun can arewa da 1,944.

Wanda ya taso daga Damagaram, ya wuce Tanut da Aderbisinat, zai gamu da darasinsa na farko tun bai hangi Abzin ba. Ana cikin tafiya bisa shimfiɗaɗɗen tudu, sai ƙasa ta yanke gaban mota, hanya ta gangara, idonka ya faɗa cikin wani fili maras iyaka mai jar laka. Wannan gangare shi ne Tigidit, filin kuwa Irazar. Mutane da yawa na zaton girgizar ƙasa ce ta karya wurin. Ba ita ba ce. Aikin ruwa ne tsantsa. Duwatsun wannan yanki shimfiɗe suke hawa-hawa kamar tabarmi bisa tabarma, sun ɗan karkata zuwa kudu maso yamma. Na sama dutsen yashi ne mai tauri, na ƙasa laka ce mai laushi. Ruwa ya riƙa cin lakar daga gindi, dutsen sama ya rasa madogara ya riƙa zubowa gutsure-gutsure, gangaren kuma ya riƙa ja da baya sannu-sannu, fuskarsa na kallon Abzin. Shi ya sa ya yi lanƙwasa kamar baka, ya kewaye Agadas daga kudu har wajen Ingal. Abin da ruwan ya tone ba kaɗan ba ne: akwai gungumen itatuwa da suka koma dutse, akwai ƙasusuwan manyan dabbobin nan na farkon duniya. A wajen Ingal ne ayarin Ba'amurke Paul Sereno ya haƙo wadda aka sa ma suna Jobariya a 1997. Makiyayan wurin sun daɗe da sanin ƙasusuwan, su ne ma suka nuna hanya.

Daga Agadas muka ɗauki hanyar Timiya cikin watan ɗari, tafiyar da ba ta wuce kilometir 220 ba amma ta cinye mana wuni guda cur. Ba mu yi nisa ba launin ƙasa ya sake. Tabarmin nan na yashi da laka suka ƙare, muka hau wani dutse mai duhu, mai zane-zane a jiki kamar saƙi, wani wuri a murɗe, wani wuri a tsaye bisa gefensa. Wannan shi ne tushen ƙasa, wanda a kudancin Nijar yake binne ƙarƙashin yashi sai a ƴan wurare. Masana duwatsu sun auna shekarunsa, sun kuma karanta abin da ya same shi. Kimanin shekaru miliyon 600 da suka wuce, manyan ɓangarorin ƙasa sun matso sun yi karo da juna a wannan yanki, na yammacin Afirka daga wannan gefe, na tsakiyar Sahara daga wancan. Abin da ke tsakaninsu ya matse, ya naɗe, ya tashi sama ya zama tsaunuka manya. Da matsin ya fi ƙarfin dutse sai ya karye, ɓangare ya riƙa goga ɓangare, wannan na zamewa arewa, wancan na zamewa kudu. Irin wannan karaya, inda dutse ya tsage kuma gefe ɗaya ya gusa ya bar ɗan'uwansa, ita ce za mu riƙa kira tsaga cikin wannan bayani. Babbarsu a Abzin ita ce ta Ragan, wadda ta ratsa ƙasar daga arewa zuwa kudu.

Waɗancan tsaunuka na farko babu su yau. Ruwa da iska sun cinye su ƙaf cikin shekaru miliyon ɗari ko makamancin haka, har wurin ya koma fili. Dutsen da motarmu ke takawa saiwarsu ce, abin da a da yake can cikin ƙasa da zurfin kilometir da yawa. Amma tsagogin ba su tafi ba. Tsaga kamar tsohon karaya ce a ƙafar mutum: ta warke, amma duk ranar da aka yi sanyi ko aka ɗauki kaya mai nauyi, a nan ciwo zai tashi. Duk abin da ya faru da Abzin daga baya, ta waɗannan tsoffin layuka ya bi.

Yanzu sai mu zo ga rumbunan, waɗanda su ne abin mamakin ƙasar. Duk wanda ya taɓa ganin taswirar Abzin, ko hotonta daga sama, zai lura cewa Bagazam da Tamgak da Tarwaji da sauransu kusan a kewaye suke, kamar an ɗora faifai an zana. Dutse ba ya yin da'ira banza. Tsakanin shekaru miliyon 480 da miliyon 400 da suka wuce, narkakken dutse ya riƙa tasowa daga cikin ƙasa ta bin tsagogin nan, ya taru ƙarƙashin ɓawon ƙasa kamar kunu cikin tukunya. Wani ya huda sama ya yi aman wuta. Da tukunyar ta rage, sai rufinta ya rasa abin da ke riƙe shi, ya tsage a kewaye, ya nutse ciki kamar murfin da ya yi ma tukunya kaɗan. Narkakken dutsen ya matso ta gefe-gefe ya cika tsagar da'irar, ya daskare a nan. Wani sabo ya sake tasowa, ya sake yin haka ciki ko gefen na farko. Duwatsun wutar da ke sama tuni zaizaya ta share mafi yawansu. Abin da muke gani yau cikin tukunyar ne da kansa, daskararre, irin dutsen nan mai ƙyalli-ƙyalli da ake ce ma garanit, wanda ya fi na kewayensa tauri. Ruwa ya ci maƙwabtansa ya ƙasƙantar da su, shi ya bar shi tsaye. Irin waɗannan da'irori sun kusa 30 a Abzin. Akwai wadda ake kira Megermeger, a tsakiyar ƙasar, zobe ne mai faɗin kilometir 65 daga baki zuwa baki, yana cikin mafiya girma da aka sani a duniya. Sai dai shi dutsensa bai jure ba, a wurare da dama kwari ya zama, matafiyi na iya ratsa shi bai san ya ratsa kome ba.

Bagazam ita ce ta fi nuna abin a fili. Mun hange ta daga kudu kamar ganuwar birni, bango tsaye mai ɗaruruwan metir, kai kuwa a daddaɗe. Tsawonta wajen kilometir 40, faɗinta wajen 20. A can sama akwai ƙauyuka da garake da idanun ruwa, mutane da jakuna na hawa da sauka ta ƴan hanyoyin da ruwa ya yanka cikin bangon. Duk inda ka ga irin wannan hanya, duba da kyau, tsaga ce ruwa ya samu ya faɗaɗa. Ganuwar da Allah ya gina haka ita ta sa wurin ya zama mafaka tun zamanin yaƙe-yaƙe.

A nan akwai abin da ya shafi mutanen Damagaram kai tsaye. Wannan aikin wuta bai tsaya Abzin ba, ya yi ta matsawa kudu. Da'irorin arewa, irin su Adrar Bus, su ne tsofaffi, na kudu irin Tarwaji sun fi ƙuruciya. Daga nan sai ya ɓullo a Damagaram da Munyo wajen Gure, tsakanin shekaru miliyon 330 da 260, sa'an nan ya tsallaka Najeriya ya ƙare a tudun Jos da kewayensa, tsakanin miliyon 215 da 140. Dangi ɗaya ne, gida ɗaya. Shaidar kuwa kuza ce: wadda ta tara leburori a Jos zamanin Ingilishi, ita ce aka riƙa wankewa a Elmeki tun zamanin Faransawa, domin irin wannan garanit ne ke haifar ta. Mun ratsa Elmeki da hantsi, muka ga tsoffin ramuka da tulin tsakuwa. Ba cikin dutsen aka fi samun kuzar ba, a gindinsa ne, cikin yashin ƙorama, inda ruwa ya riga ya farfasa ya tankaɗe, mai nauyi ya zauna, maras nauyi ya wuce. Rabin aikin mai haƙa ruwan sama ya yi masa kyauta.

Bayan wutar ta mutu an yi dogon zamani Abzin na kwance, ana ta cin ta. Tun kafin wutar ta mutu ma, ƙanƙara ta taɓa rufe wannan yanki na Sahara kimanin shekaru miliyon 445 da suka wuce, sawunta na nan bisa duwatsun Jado. Koguna suka riƙa kwasar garin dutse suna zubawa yamma, teku na shigowa yana janyewa, tabarmin yashi da laka na hawa bisa juna. Cikin dazuzzukan fadamun wancan lokaci ne gawayin Anu Araren ya samu asali, wanda ake ƙonawa a Cirozerin tun farkon shekarun 1980 don ba Arlit da Agadas lantarki.

Labarin iraniyom ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin babu inda tsaga da zaizaya suka haɗa hannu kamar nan. Garanit da tokar duwatsun wuta na Abzin suna ɗauke da ƙarfen, amma a warwatse, kaɗan-kaɗan, yadda ba wanda zai ci riba da haƙarsa. Zaizaya ta niƙe su, ruwa ya narkar da ƙarfen ya shiga da shi cikin dutsen yashi na yamma. Inda ruwan ya tarar da ruɓaɓɓun itatuwa da ganyaye binne cikin tsoffin magudanai, sai ƙarfen ya rabu da ruwa ya maƙale. A yammacin Abzin kuma akwai wata doguwar tsaga, ta taso daga wajen In Azawa a iyakar Aljeriya ta bi ta Arlit ta yi kudu, ɓangarenta na yamma ya zauna ƙasa. Ita ce ta zama hanyar ruwan cikin ƙasa, ita ce kuma ta tsara inda ya taru. Dubi taswira: ramin Arlit, da na Akuta, da Imuraren, duka jere suke gefen wannan layi kamar shaguna a bakin titi. An fara gano ƙarfen a Azelik a 1957, ana neman jan ƙarfe, a yankin da masu tarihi da yawa ke ganin nan ne Takedda wadda Ibn Battuta ya ziyarta a 1353. SOMAIR ta fara fitarwa a 1971, COMINAK a 1978 daga rami mai zurfin metir 250, kuma an rufe ta cikin Maris 2021 bayan arzikin ramin ya ƙare. Abin da ƙasa ta yi miliyoyin shekaru tana tarawa, shekara 43 suka ishe mu kwashewa. Ko ruwan gishirin Tegidda-n-Tesumt, wanda ake shanyawa cikin ƴan kwaruruka, ta tsagogin wannan yanki yake ɓuɓɓugowa.

Gabas ma tana da tata. Lokacin da Afirka ke rabuwa da Amurka ta Kudu, shekaru miliyon ɗari da wani abu da suka wuce, ƙasa ta ja ta buɗe a wurare da dama. Inda tsaga biyu suka yi layi ɗaya, abin da ke tsakaninsu ya zauna ƙasa, ya zama doguwar kwarya. Tefidet, a kudu maso gabashin Abzin, irin wannan ce, kuma dutsen yashin da zaizaya ta share daga tudu ya tsira a cikinta saboda ya faɗa rami. Kwaryar ta zarce ƙarƙashin yashin Tenere har Termit, inda ta yi zurfi ƙwarai. Man Agadem, wanda matatar Damagaram ta fara tacewa a 2011, wanda kuma aka fara turawa ta bututu zuwa gaɓar tekun Benin a 2024, daga cikin wannan rami yake.

To, in an ce zaizaya ta daɗe tana cin Abzin haka, don mi har yanzu take tsaye? Domin an sake ɗaga ta. Cikin shekaru miliyon 30 na baya-bayan nan, zafi daga can ƙarƙashi ya kumbura yankin kamar ƙullun da ya tashi, shi da Hoggar ta Aljeriya da Tibesti ta Cadi. Ɓawon ƙasa ba roba ba ne, da ya kumbura sai tsoffin tsagogi suka farka, wani ɓangare ya hau, wani ya sauka, wuta kuma ta sake samun ƙofa. A yankin Todra, kudu maso yammacin Bagazam, akwai duwatsun aman wuta fiye da 100, wasunsu sababbi ne har siffarsu ba ta lalace ba. Mun yi ta ratsa baƙin dutse mai huji-huji kamar soso, wanda ya malalo cikin kwari ya daskare, tayar mota na kuka a kansa. Direbanmu, wanda ya yi shekaru bisa wannan hanya, ya ce da ni: "Malam, wannan dutsen shi ke cin ribarmu. Yashi ɓata lokaci kawai yake, shi kuwa taya yake ci." Ruwan zafin Tafadak, inda masu ciwon gaɓoɓi ke zuwa wanka daga nesa, shi ma shaida ne: ruwan sama ne ya nutse can ƙasa ta tsaga, ya ɗumama, ya dawo ta wata.

Kumburin bai tashi daidai ba. Gefen gabas ya fi tsayi, tudun ya karkata yamma, don haka mafi yawan manyan ƙoramu yamma suke yi. Telwa ta bi ta Agadas ta zube Irazar, wasu su zube filin Talak, dukansu kuma a da can suna haɗuwa cikin Azawak, su bi Dallol Boso har kogin Kwara. Wato yashin da Bazabarme ke noma a Dallol, wani sashensa garin duwatsun Abzin ne. A gabas kuwa iska ce ke mulki. Hunturu na turo rairayin Tenere ya jibge shi jikin dutse, a Temet tuddan yashi sun kai wajen metir 300, a Arakaw kuma yashi ya shiga ta bakin wata da'irar dutse da ta buɗe gabas, ya cika cikinta. Amma kada a ba iska girman da ba nata ba. Gogewa take yi da kwashewa. Manyan kwaruruka ruwa ne ya yanka su, a zamunnan da Sahara ke da ruwa. Na ƙarshensu bai wuce shekara 10,000 zuwa 5,000 ba, kuma mutanen lokacin sun bar mana sa hannunsu: raƙuman dawan da aka sassaƙa bisa dutse a Dabus, kusa da hanyar Arlit, babban ya fi metir 5.

Aikin bai tsaya ba, kuma wanda ya kwana cikin dutse da ɗari zai gane yadda ake yin sa. Da rana dutse ya yi zafi ya buɗe, da dare sanyi ya kama shi ya tsuke, a bisa Bagazam har ruwa kan daskare. Shekara da shekaru haka, fatar garanit na ɓarewa kamar ɓawon albasa. Ɗan ruwan da ya shiga tsaga ya ruɓar da kusurwoyi, dutse mai kusurwa huɗu ya koma mulmulalle, shi ya sa ake ganin ƙwallaye jibge bisa juna kamar wani ƙato ya tara su, irin dai waɗanda mutanen Damagaram suka saba gani a Birni. Duk wannan ɓaraguzai na zaune a gangare wata tara ko goma, ba mai taɓa su. Sa'an nan damana ta zo. Ruwan Abzin kaɗan ne, ko metir ɗaya bisa biyar ba ya cikawa a shekara a mafi yawan wurare, amma yakan sauko a hadari biyu ko uku, bisa dutse tsirara wanda ba ya sha. Cikin awa guda ƙoramar da ta bushe ƙayau sai ta taso da ruri, ja wur, tana mirgina duwatsu masu girman buhu, tana tumɓuke itatuwa. Mutum na iya zama ƙarƙashin sama garau, ruwan da aka yi a nisan kilometir 50 ya iske shi. Don haka ne Ba'abzine ba ya kwana cikin ƙorama ko yashinta ya kai katifa laushi.

Ga kuma inda abin ya zama na ciki da aljihu. Wannan ambaliya mai ban tsoro ita ce uwar garake. Ita ke kawo sabuwar ƙasa ta shimfiɗa gefen kwari, ita ke cika yashin ƙorama da ruwa, yashin kuma ya ɓoye shi daga rana, tushen dutse ya tare shi daga ƙasa. Inda wani dutse mai tauri ya gitta kwarin, ruwan cikin yashi ya taru bayansa kamar an yi madatsa, a nan za ka ga dabino da gari. Timiya haka take: kore shar tsakanin baƙaƙen duwatsu, lemu da rumman da inabi da alkama, ga kuma tafkin da ruwa ke zubowa cikinsa daga bisa dutse kusa da gari. Rijiyoyin ba su da zurfi. A da raƙumi ko sa ke jan guga ta hanyar da ake kira takarkart, ruwan da dabba ke iya ja kuwa bai fi abin da damana ke mayarwa ba. Yau injin ban ruwa ya karɓi aikin a wurare da yawa, musamman wajen Tabelot inda albasa ta zama kuɗi. Ƴan kasuwa sun san dalili: albasar Abzin na fitowa ƙarshen shekara, lokacin da ta Galmi ta yi ƙaranci, manyan motoci na ɗaukarta har Abijan da Akara.

Wani dattijo mai garka ya zagaya da ni bakin gonarsa, ya nuna mani inda ƙasa ta yanke tsaye kamar an sa wuƙa, saiwoyin dabino na reto a fili. Na ce: "Baba, ina iyakar garkar a da?" Ya miƙa sandarsa tsakiyar yashin ƙorama, ya ce: "Can rijiyar mahaifina take. Dare ɗaya ruwa ya ɗauke ta da bishiya bakwai. Shi ya ba mu ƙasar, shi ke karɓa. Amma yanzu karɓarsa ta fi bayarwa, don itatuwan da ke riƙe masa hannu a bisa an sare su." Game da inji kuma cewa ya yi, mai inji biyu na shanye rijiyar maƙwabcinsa mai raƙumi, kowace shekara sai an ƙara ma rijiya zurfi, ranar da aka taɓa dutse kuwa magana ta ƙare.

Maganar dattijon nan ta fi rahoto da yawa da na gani a ofisoshi. Tulun ruwan Abzin ƙarami ne, siraran zirin yashi ne cikin kwarin dutse, ba kamar na ƙarƙashin filayen yamma ba. Abin da ke taimako an san shi, an kuma gwada shi a ƙoramu da dama: ragar ƙarfe cike da duwatsu a bakin garake, da ƙananan madatsai masu rage ma ruwa gudu don ya samu lokacin nutsewa. Ba aiki ne mai tsada ba in an gwada shi da abin da aka fitar daga gindin waɗannan duwatsu tun 1971. A ganina ma'aikatan da ke raba kuɗin jaha sun fi son aikin da za a yanke masa ƙyalle gaban baƙi, madatsar da ke can cikin kwari kuwa ba mai ganinta sai mai garka. Agadas da kanta ta ɗanɗana abin da Telwa ke iyawa: a farkon Satumba 2009, bayan ruwa mai yawa bisa duwatsu, madatsar da ke kare gari ta ɓalle da dare, dubban gidajen laka suka zube, garake da dabbobi suka tafi.

Da muka juyo, mun biyo ta gindin Bagazam don mu ga lodin albasa. Hanyar ba kwalta, rabinta cikin ƙorama take bi, domin nan ne kaɗai dutse ya ba da wuri. A wata mashiga mun tarar da kamyo uku tsaye, na gaba ya nutse cikin yashi har gindi, yaran mota na sauke buhuna ɗai-ɗai don a rage masa nauyi, masu kaya na zaune ƙarƙashin ƙaya suna lissafin kwanakin da albasa ke iya yi cikin buhu kafin ta fara ruɓa. Ambaliyar damanar da ta wuce ce ta kwashe mashigar da aka sani, ta zuba sabon yashi mai zurfin gwiwa a wurin. Muka ba su aron faranti biyu na ƙarfe da shebur, muka jira har la'asar kafin hanya ta buɗe.